Ciwon Baifola: Abin Da Iyalan Roma Suka Nuna Wa Likitoci

Uwargida, kin san ciwon da mutum kan kwashe kwanaki cikin zumuɗi, ba barci sai surutu, daga baya ya faɗa matsanancin baƙin ciki? Shi ne baifola, kuma yakan bi jini.

Masu neman tushensa sun nufi iyalan Roma na Bulgeriya, waɗanda kakanninsu suka fito daga Indiya, kuma suka fi aure a tsakaninsu, da fatan gano ƙwayar gadon cikin sauƙi. Binciken da aka wallafa a 2009 ya nuna ba ƙwaya ɗaya ba ce, suna da yawa.

Don haka ba lallai ɗan mai ciwon ya gada ba. In kin ga alamun a gidanki, ki nemi likitan ƙwaƙwalwa. Akwai magani, irin su litiyam.