A Duba Man Giya Tun Kafin Mota Ta Zauna

Masu motoci masu giya otomatik, a saurara. Ban ce kowa ya faka motarsa ba. Cewa na yi a tuna da man da aka manta. Kowa ya san juyen baƙin mai. Wata biyu, wata uku, an je gareji an juye. Amma tambayi maƙwabcinka yaushe rabonsa da canza man giya. Shiru za ka ji.

Haɗarin yana farawa tun ranar sayen mota. 'Yar Kwatano ce, jiki sumul, kujeru kamar ba a taɓa zama ba. Ta yi shekaru tana gudu a Amurka ko Turai. Ba ka san wanda ya tuƙa ta ba. Ba ka san ko an taɓa taɓa man giyarta ba. Lambar kilomita ma ba abin rantsuwa ba ce, ana mayar da ita baya. Ka gaji tsohon mai, ka ɗora masa sabuwar wahala.

Wahalar ita ce zafi. Man nan ba santsi kawai yake bayarwa ba. Shi ke sanyaya giya, kuma ƙarfinsa ne ke matse farantan kuloci duk lokacin da mota ta canza giya. Yana jin daɗin aiki a wajen digiri 80. Ka ɗora masa ranar Afrilu ta Sakkwato ko Maiduguri, inda iska kanta ke haura digiri 40. Ka ƙara masa cunkoson Mararaba zuwa Nyanya. Ka cika but da buhunan shinkafa. Mai ya dahu, ya yi baƙi, ya daina riƙo. Faranti ya fara zamewa, zamewa ta ƙara zafi, zafi ya ƙara cin faranti. Giya kuwa ba ta kuka da wuri. Ranar da ka sa D ta yi jim sannan ta shiga da bugu, ko inji ya yi ta ihu mota tana rarrafe, ɓarna ta riga ta yi nisa.

Akwai kuma zancen wai man wasu motoci na har abada ne. Kamfanin ZF na Jamus, mai ƙera wa BMW giya, da kansa yake ba da shawarar a riƙa canza shi. Wanda ya ƙera ya ce a canza, kai a kan titinmu me kake jira? A irin yanayinmu, kada ka bari ya wuce kilomita 60,000.

Yanzu ga inda masu niyyar kirki ke faɗawa rami: fulashin. Mutum ya ji tsoro, ya garzaya gareji. Sai a ce masa, "Alhaji, ai wanke ta za mu yi tas." A haɗa na'ura, a tura mai da ƙarfi, wani lokaci har da sinadarin wanki. A giyar da ake kula da ita, musayar mai a hankali ba laifi ba ce. Amma giyar da ta yi shekaru ba a taɓa ba, cikinta cike yake da laka da garin faranti. Dattin ya kwanta a lunguna, bai dami kowa ba. Na'ura ta tayar da shi. Ya bi ƙananan hanyoyin mai, masu kama da gidan tururuwa, ya toshe bawul. Sannan a tsohuwar giya, wannan garin da ke yawo cikin mai shi ne ɗan abin da ya rage wa faranti na riƙo. An wanke shi gaba ɗaya, sai mota ta shigo da ƙafarta ta fita da igiya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Kamfanin Honda ma ya hana a yi wa giyarsa irin wannan wanki. Hanyar lafiya ita ce a kwance noti, a bar mai ya zuba da kansa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne zai fito, don sauran yana maƙale cikin konbata. A Accord wajen lita 3 ne. A zuba sabo daidai abin da ya fita, a yi 'yan kwanaki ana tuƙi, a sake. Sau uku ya wadatar.

Sai batun irin man. Ja ba shaida ba ce, rini ne. Toyota tana da T-IV, tana da WS, kuma ba ɗaya ba ne. Honda DW-1 take sha, wanda ya maye gurbin Z1. Hyundai da Kia suna da SP-III da SP-IV. Giyar CVT kuwa, irin ta Altima da Murano, bel ne na ƙarfe a cikinta, kuma nata man daban ne, NS-2 ko NS-3. A zuba mata Dexron na gama-gari, an gama da ita. Jabu ma ya cika kasuwa, cikin galan mai kyan gani. Araha ba ta ado. Sayo da kanka, ka duba hatimin murfi, a buɗe a gabanka.

Filta ma ana tsallake ta. Na taɓa tsayawa a wani gareji aka kwance tiren ƙasan giyar wata Camry. Maganaɗisun da ke ciki ya yi gashi da baƙin gari, laushi kamar kwalli. Wannan ba abin tsoro ba ne, a goge kawai. Amma yaron bakanike ya lakuto man da yatsa ya miƙo mini. Ƙauri yake kamar ƙanzon tuwo, ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Ogansa ya girgiza kai ya ce, "Yallaɓai, wannan ta wuce juye." Filtar da ta toshe tana hana famfo jan mai. Idan motarka mai tire ce, a canza filta da gasket tare, kuma kada a lafta gam ya ɓalle ya faɗa ciki.

Awo ma yana kashe giya. Mai ya yi kaɗan, famfo ya ja iska. Ya yi yawa, ya yi kumfa. Yawancin motoci ana duba geji inji yana aiki, mai ya ɗau zafi, mota a wuri shimfiɗaɗɗe. Honda sai an kashe inji a duba bayan kamar minti ɗaya. Sababbin motoci da yawa ba su da geji sam, sai an auna zafin man da kwamfuta. Bakaniken da ya ce zai ƙiyasta da ido, ka karɓi makullinka.

Ruwa shi ne mafi saurin kashe giya. Yana shiga ta hudar shan iskar giya idan mota ta nutse, kamar yadda aka gani a ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024. Yana kuma shiga idan bututun man da ya ratsa lagireto ya fashe. Mai ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa zoɓo. Ruwan yana narkar da gam ɗin da ke riƙe da fatar faranti. Ka ga haka, kada ka ko tayar da inji. A ɗauke ta a bayan babbar mota.

Idan giya ta zauna, sai Ƙofar Ruwa ko Panteka neman wata 'yar Kwatano. Kuɗinta ya ninka na mai sau da yawa, kuma ita ma ba ka san tarihinta ba. Gobe da safe ka zaro geji, ka goga a farar takarda, ka duba, ka sansana. Idan ja ne ko ya fara ruwan ƙasa, a juye a hankali cikin makon nan. Idan baƙi ne mai ƙauri, kada kowa ya haɗa mata na'ura, a kai ta wurin wanda giya ce sana'arsa.