Ƙwaƙwalwar da ba ta iya komai sai lissafi ɗaya: yadda na'urorin haƙar Bitcoin ke aiki

Kusan kowane minti goma ana rufe sabon shafi a kundin cinikin Bitcoin, kuma wanda ya riga kowa rufe shi ne ke karɓar ladan sabbin sulalla. Tun daga Afrilun 2024, ladan ya tsaya a kan Bitcoin 3.125. Ana kiran aikin haƙa, amma babu diga babu shebur a cikinsa. Gasar canke ce, kuma masu fafatawa a yau ƙananan ƙwaƙwalen lantarki ne da ake kira ASIC, waɗanda aka ƙera domin aiki guda tak.

Tushen gasar wani tsarin lissafi ne mai suna SHA-256, wanda hukumar leƙen asirin sadarwa ta Amurka, NSA, ta tsara, aka fitar da shi a 2001. Duk bayanin da aka ba shi yakan mayar da shi wata doguwar lamba, kamar zanen yatsa. Idan aka sauya harafi ɗaya, lambar kan sauya gaba ɗaya, kuma ba a iya bin ta a baya a gano asalinta. Mai haƙa yakan ɗauki taƙaitaccen bayanin sabon shafi, ya haɗa da wata lamba ta gwaji, ya bi da su ta cikin lissafin sau biyu. In sakamakon ya gaza iyakar da tsarin ya gindaya, ya ci gasa. In ya zarce, sai ya canza lamba ya sake. Babu wayon da ke gajarta hanya, yawan gwaji ne kawai.

Lokacin da Bitcoin ya fara aiki a Janairun 2009, kwamfutar gida ta isa. Daga 2010 masu haƙa suka koma ga katin sarrafa hotuna na 'yan wasan kwamfuta. A farkon 2013 kamfanin Canaan na ƙasar Sin ya fara raba na'urar Avalon mai ɗauke da ASIC, daga nan kasuwar sauran ta watse.

Dalili kuwa yana cikin ƙira. Ƙwaƙwalwar kwamfuta ta yau da kullum kamar ma'aikaci ɗaya ce da ake turo wa kowace irin fayil: sai ya karanta umarni, ya nemo takardu, sannan ya yi aiki. A cikin ASIC babu karanta umarni, domin matakai 64 na lissafin an shimfiɗa su ne kai tsaye a jikin siliki. Kowane mataki yana da teburinsa. Da ya gama nasa sai ya miƙa gaba, ya karɓi na baya, babu teburin da ke zaman banza. Ana maimaita wannan layi sau da dama a ƙwaƙwalwa ɗaya, sannan a jera ƙwaƙwalen a kan alluna. Na'urar Antminer S9 da kamfanin Bitmain ya fitar a 2016 tana da alluna uku masu ɗauke da ƙwaƙwale 189, tana kuma yin gwaji kusan tiriliyan 14 a daƙiƙa. Samfurin S21 kuwa yana yin tiriliyan 200.

Sai dai kowane gwaji yana cin wuta, wutar kuma tana komawa zafi. Shi ya sa ake jin ƙarar fankoki a gidajen haƙa dare da rana, wasu ma sukan tsoma na'urorin cikin wani mai na musamman don sanyaya su. S21 tana jan wat 3,500, wato yunit 84 a kwana ɗaya. Duk da haka, a kan kowane gwaji tana cin ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da S9 ke ci. Wannan ma'auni ne ke raba mai riba da mai asara.

Tsarin kansa ba ya barin kowa ya huta. Bayan kowane shafi 2,016, kimanin mako biyu ke nan, yakan daidaita wahalar gasar. Idan na'urori suka ƙaru, wahala ta ƙaru, rabon kowa ya ragu. Ladan kuma yana raguwa da rabi kusan duk shekara huɗu. Ranar da kuɗin wutar na'ura ya zarce abin da take samowa, ta zama kayan bola, tunda ko wasiƙa ba za a iya bugawa da ita ba.

Wannan ne ya sa masu haƙa ke bin wuta mai arha kamar makiyayi da ruwa. Da Sin ta haramta sana'ar a 2021, na'urori suka kwarara zuwa jihar Texas ta Amurka da Kazakistan, inda ƙarancin wuta ya kai ga katse wa masu haƙa layi a farkon 2022. Daga baya wasu suka nufi Habasha saboda wutar madatsun ruwanta. Ƙera na'urorin kuwa yana hannun kamfanoni ƙalilan masu tushe a Sin, wato Bitmain da MicroBT da Canaan, su ma sun dogara ga masana'antun TSMC ta Taiwan da Samsung ta Koriya ta Kudu.

A Najeriya, inda Dokar Zuba Jari da Hannayen Jari ta 2025 ta sanya kadarorin dijital ƙarƙashin kulawar hukumar SEC, batun zai riƙa isowa teburin jami'ai, ko a matsayin neman izini, ko tayin zuba jari ga ma'aikacin da ke tattalin kuɗin fanshonsa. Lissafin ba shi da wuya. A farashin naira 225 kan kowane yunit da aka sanya wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, na'urar S21 guda za ta sha wutar naira 18,900 a kullum, ban da sanyayawa da gyara. Duk wanda aka kawo wa takarda mai alƙawarin riba tabbatacciya daga haƙa, tambayoyi uku sun wadatar kafin sa hannu: wane samfurin na'ura ne, daga ina wutarta za ta fito, kuma nawa ne yunit?