Albashin Ikko Da Na Arewa: Ina Rabon Malami?

Bambancin albashi tsakanin jihohin Nijeriya ba yau aka fara shi ba. A 1964 Kwamitin Morgan ya raba ƙasar yanki-yanki, ya ba da shawarar a biya leburan Ikko fam 12 a wata, na ƙauyukan Arewa kuwa abin da bai kai wannan ba, bisa hujjar cewa abinci da haya sun fi tsada a Ikko. Sai da ma'aikata suka yi yajin gama-gari a watan Yuni sa'an nan aka daidaita a kan fam 10.

A 2024 doka ta yanke mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Legas ta kai nata 85,000, Kaduna 72,000, Kano 71,000.

Amma fa babban rami yana tsakanin ma'aikata ne su kansu. Dokar ba ta hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, watau malaman ƙananan makarantun kuɗi ba su ciki. Malaman firamare na Abuja ma sai da suka rufe azuzuwa wata uku a 2025 suna neman haƙƙinsu.

Jama'a, in malami ya gudu neman abinci, wa zai koya wa akawun gobe rubutu? Lalle hukuma ta duba.