Masu Binciken Abin da Ido Ba Ya Gani



Akwai maganar da iyaye suke yawan yi a wurin sauraron radiyo: "Ɗan wane ya tafi lakwal tun yana ƙarami. Ga shi ya yi gemu, har yanzu wai karatu yake. Me yake nema?" Wasu ma sukan cire nasu yaran daga aji don gudun wannan doguwar hanya. A wannan fitowa za mu bayyana aikin irin waɗannan masu dogon karatu, wato masu bincike, da yadda aikinsu yake dawowa har cikin rumbunmu.

Magwaji mai gane cuta

Kowa ya taɓa kai yaro mai masassara gidan likita. Ana huda yatsansa, a ɗiga jini bisa wani ɗan farin abu mai tsawon yatsa. Bayan minti 15 ko 20 sai layi ya fito. Layi 2, akwai cutar cizon sauro. Layi 1, babu.

Ta yaya wannan ɗan abu yake ganewa? A cikinsa akwai ƴar takarda. An shafa mata wani sinadari da aka samo daga jikin mai rai, irin wanda jiki yake yi don yaƙar cuta. Wannan sinadari ba ya kama komi sai alamar ƙwayar cutar, kamar yadda ɗan makulli ba ya buɗe kowane kwaɗo sai nasa. Irin wannan magwaji, wanda ya haɗa abin halitta da alamar da mutum zai iya karantawa, shi masana suke kira biyokaptar. Wani Ba'amurke, Leland Clark, shi ya buɗe hanyar a 1962, da magwajin sukari cikin jini. Ƴar na'urar da masu ciwon sukari suke amfani da ita yau jikanyar aikinsa ce.

Zinariya mai launin ja

A yawancin waɗannan magwaji, jan layin da kuke gani zinariya ce. An mai da ita ƙanana ƙwarai, har ido ba ya ganin ƙwaya guda. Ku duba ma'aunin tela: a raba milimita 1 kashi miliyan, kashi guda shi ne nanomita. Ƙwayar zinariyar ba ta wuce kamar nanomita 40 ba. Sai an jera wajen 2000 kafin su kai kaurin gashin kai guda. In zinariya ta ƙanƙance haka, launinta yakan koma ja. Sana'ar sarrafa irin waɗannan ƙananan abubuwa ita ce nanoteknoloji.

Gubar da ke ɓoye cikin gujiya

Me ya haɗa wannan da noma? Ku saurara. In gujiya ko masara ba ta bushe sosai ba, ko ta kwana cikin laima, takan yi hunhuna. Wata irin hunhuna tana zuba guba mai suna aflatoksin. An gano ta bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, don sun ci abincin da aka haɗa da ɓatacciyar gujiya. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara. Wanda yake cinta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, tana lalata masa hanta. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. Saniyar da ta ci ɓataccen abinci ma, gubar tana fita cikin nononta.

Ƙasashen Turai ba su karɓar gujiyar ci in gubar ta wuce giram 4 cikin tan 1000. Wane ido zai ga wannan? Babu. Amma masu bincike sun yi magwaji irin na masassara. Ana niƙa gujiya kaɗan, a jiƙa, a tsoma ƴar takardar, cikin ƴan mintoci a san gaskiya.

Sa ƙananan halittu aiki

Gane cuta rabin aiki ne, saura magani. Nan ne reshe na 3 yake shigowa, wato biyoteknoloji: sa ƙananan halittu su yi mana aiki. Iyayenmu mata sun daɗe da wannan. Su wa suke mai da madara nono? Su wa suke nunar da daddawa? Ƙananan halittu ne. Masu bincike suna zaɓen masu amfani, su yawaita su, su tura su yaƙi da masu ɓarna.

Ga misali. A cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, a Nijeriya, an zaɓo hunhunar da ba ta zuba guba. Aka shafe ƙwayoyin dawa da ita, aka sa wa maganin suna Aflasafe. Ana watsa kilo 10, wato kamar tiya 4, cikin hekta guda, mako 2 zuwa 3 kafin shuka ta yi fure. Mai kirki ta riga mugunyar kama wuri. Nijeriya ta amince da shi a 2014.

Ga misali na gida. Ba mu manta da farar 2004 ba, da yunwar 2005. Tun daga 1989 wani shiri mai suna LUBILOSA ya shiga neman maganin fara wanda ba guba ba. Hunhunar da suka yi aiki da ita, jikin wata fara aka same ta nan ƙasarmu Nijar. Aka gwada ta a filayen ƙasarmu a 1996 da 1997, daga baya ta zama magani mai suna Green Muscle. Tana tsiro cikin jikin fara ta kashe ta, ba ta taɓa tsuntsu ko bisashe. Sai dai ba ta da sauri: takan ɗauki mako 1 zuwa 3. Don haka ta fi amfani tun fara tana ƙarama, ba ta yi fiffike ba.

Tsawon hanyar

Yaya mutum yake zama mai bincike? Mu ƙirga tare. Firamare shekara 6. Kolaji shekara 4. Lise shekara 3, a ci jarrabawar bak. A jami'a, lisansi shekara 3, masta shekara 2, doktora aƙalla shekara 3. Jimla shekara 21, in ba a maimaita aji ba.

A shekarun ƙarshe ɗalibi ba ya zaman haddar abin da wasu suka sani. Ana ba shi tambayar da ba wanda ya amsa tukuna. Ya ɗebo ƙasa ko ruwa ko hatsi, ya auna, ya sake aunawa, ya rubuta. Wasu masana su duba rubutun, su nemi kuskure, sannan a buga shi. Ko ya zama malamin jami'a, ba ya hawa gaba sai hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu ta auna abin da ya rubuta.

Ƴan ƙasarmu sun bi wannan hanya. Abdu Mumuni Joffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, ya yi suna wajen binciken ƙarfin rana, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi tun 1992. Farfesa Ibrahim Bawa, masanin ƙwari a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka gwada buhun PICS mai ruɓi 3, wanda yake tsare wake ba da hodar magani ba. Akwai cibiyar INRAN tun 1975. Jiharmu ta Tilaberi ta sami tata jami'ar a 2014. Nan kusa da mu ma, tashar Tukunus ta daɗe tana aiki kan shanun Azawak.

Don me muke bukatar namu?

Mafi yawan magwajin nan daga ƙasashen waje ake kawo su. Da yawansu ba su son zafi, alhali a Filinge zafin watan Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Wa zai gyara su su jure bazararmu? Wa zai yi mai arha wanda ƙungiyar manoma za ta iya saye, don auna ruwan rijiya, ko nono, ko ƙuli-ƙuli? Sai wanda ya tashi cikin dallol, ya san rumbu, ya san kasuwa. Wannan yaron yana cikin ajin firamare yau, mace ko namiji.

Abin da za mu yi

1. Mu bar yara su ci gaba da lakwal, mu ƙarfafa su wajen lissafi da kimiyya.
2. In masu bincike sun zo ɗibar hatsi ko ruwa, mu ba su na gaskiya, kada mu zaɓo mai kyau kaɗai. Mummunan samfuri yana ba da mummunar amsa.
3. Ku da kuka ci yaƙi da jahilci, ku sami ɗan littafi. Ku rubuta ranar ruwan shuka, ranar da murzuna ta bayyana cikin hatsi, da yawan damman da kuka samu. Mai bincike yana bukatar wannan.
4. Mu busar da gujiya sosai bisa tabarma ko tamfol, ba bisa ƙasa ba. Mu tsince ɓatacciya mu zubar. Kada a yi ƙuli-ƙuli da ita, kada a ba yara, kada a ba bisashe.
5. Mu ɗora buhu bisa itace, nesa da bango da laima.

Ku karanta wa maƙwabta wannan takarda da dare, ku tattauna. Mai tambaya ya kawo ta wurin malamin gona na yankinku. Sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ba mu damana mai albarka, amin.