Horar da masu ba ƙananan ƙungiyoyi shawara

Horar da masu ba ƙananan ƙungiyoyi shawara wani fanni ne na ilimin halayyar ɗan'adam. A cikinsa ake koya wa mutum yadda zai zauna da ƙungiyar mutum 8 zuwa 12, ya lura da yadda shugabanci da iko suke gudana a tsakaninsu, sannan ya faɗa musu abin da ya gani ba tare da ya karɓe ragamar zaman ba. Aikinsa ya bambanta da na shugaban taro, domin ba ya yanke hukunci, ba ya kuma raba gardama.

Tarihi

Fannin ya samo asali ne a Ingila. Wilfred Bion, wani likitan ƙwaƙwalwa, ya fara gwada wannan hanya da sojojin da ke jinya a asibitin Northfield lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma tattara rubuce-rubucensa a littafin Experiences in Groups a shekarar 1961. Cibiyar Tavistock da aka kafa a Landan a 1947 ta haɗa kai da Jami'ar Leicester, suka shirya taron horo na farko a 1957. A Amurka kuma an kafa Cibiyar A. K. Rice a 1970.

Abin da ake koyo

Bion ya lura cewa idan aiki ya yi wa ƙungiya nauyi, sai ta kauce masa ba tare da ta sani ba. Wani lokaci ta jingina komai ga mutum ɗaya, ta zuba masa ido kamar shi kaɗai ke da basira. Wani lokaci ta nemi abokin gaba ta yi ta faɗa da shi, ko ta tsere wa maganar baki ɗaya. Akwai kuma lokacin da za ta bar mutum biyu su yi ta zance, sauran suna fatan mafita ta fito daga gare su.

Ba a koyon gane waɗannan daga littafi kawai. Ɗalibi yakan fara zama ɗan ƙungiya, daga baya ya hau kujerar mai ba da shawara a ƙarƙashin kulawar ƙwararre. Ana horar da shi ya fara zama kan lokaci ya rufe kan lokaci, ya yi magana a kan ƙungiyar gaba ɗaya maimakon ya nuna mutum da yatsa, ya kuma jure shirun da kan biyo baya idan ya ƙi ba da umarni. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya.

A ƙasar Haɗeja

Misali mafi kusa a Jihar Jigawa shi ne horon da aka ba jami'an shirin Fadama. Zangon farko na shirin, a shekarun 1990, ya fi karkata ga masu noman rani, abin da ya ƙara takun saƙa tsakaninsu da makiyaya. Saboda haka a Fadama II, da kuma Fadama III wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2008, aka buƙaci manoma, makiyaya, masunta da mata su kafa ƙungiyoyinsu, su haɗu su tsara abin da suke so a yi musu. An ɗauki jami'ai aka horar da su don gudanar da waɗannan tattaunawa. Tsarin nasu ba na Tavistock ba ne, amma matsalar da suke tararwa iri ɗaya ce.

A masarautar Haɗeja, mai ƙananan hukumomi 8 ciki har da Kaugama, Auyo da Guri, iko ba ɓoyayyen abu ba ne. Yana saukowa daga sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci ko bulama, zuwa mai unguwa, ga kuma sarkin noma, sarkin ruwa da arɗo. Abin da ake tattaunawa ma ba ƙarami ba ne: tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 yanayin ambaliya ya sauya, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, rabon fadama da burtali ya zama abin rigima.

A irin wannan zama, wurin da mutum ya zauna ma bayani ne. Saurayi ba ya katse dattijo, suruki yana jin nauyin surukinsa, makiyayin da aka gayyato kan raɓe a bakin tabarma. Idan kowa ya gyaɗa kai bayan mai gari ya yi magana, jami'in da bai samu horo ba zai rubuta cewa an amince, alhali Hausawa na cewa shiru ma magana ce. Shi ya sa akan fara zama da mata daban, matasa daban, kafin a haɗu. Shi kansa jami'in yana cikin hatsari: tunda ana ganin shi ne ya zo da kuɗin gwamnati, ƙungiya kan miƙa masa duk shawara, irin dogaron da Bion ya bayyana. Idan ya karɓa, tsarin da aka rubuta zai zama nasa ne, ƙungiyar kuma takan watse da zarar shirin ya ƙare.