Ko Kun Sani? Gubar da ke ɓuya a rumbu

Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa idan an zuba su a rumbu ba su gama bushewa ba tana fitar da wata guba, aflatoksin, mai haddasa sankarar hanta. Talotalo ne suka tona asirinta: a 1960 kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar Burazil. Garin hanta ta narkar da gubar, sai gubar ta rikiɗe ta manne wa ƙwayar gado ta ɓata ta, kuma mai ciwon hanta nau'in B ya fi kowa shiga haɗari. Abin takaici, dahuwa ba ta kashe ta. Shi ya sa gara manomi ya shanya masararsa a kan tamfol, ba a ƙasa ba, ya kuma tsince duk ƙwayar da ta yi kore-kore.