Haski: Karen da Ake Sauraron Bakinsa, Ba a Kallon Jikinsa

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube ya san shi: kare mai shuɗin ido da fuskar kyarkeci, an ce ya zo a yi masa wanka, ya baje a ƙasa yana ta jan murya, masu gida na sheƙa dariya wai yana yi musu gardama. Wannan shi ne haski na Sibiriya. Muryar nan ita ta yi masa suna, ita ce kuma ta ɗauke hankalin mutane daga inda yake yin mafi yawan zancensa, wato kunne da wutsiya da ido da yanayin tsayuwa.

A shekarar 1997 wasu masana a Jami'ar Southampton ta Ingila, Deborah Goodwin da John Bradshaw da Stephen Wickens, suka ware alamu 15 da kyarkeci ke yi da jikinsa in zai yi barazana ko zai nuna ya sallama, suka bi jinsin karnuka 10 suna neman alamun nan. Ɗan ƙaramin karen nan mai lanƙwasasshen kunne da ake kira Cavalier King Charles biyu kacal ya nuna. Haski ya nuna duka 15. Kunnensa a tsaye yake, ana ganin duk inda ya juya shi. Bakinsa dogo, wutsiyarsa cike da gashi, zanen fuskarsa kuma na fito da kowane motsin gira. Kiwon da ɗan Adam ya yi wa wasu karnuka ya rage musu kayan magana, shi bai taɓa nasa ba.

Asalinsa ne ya sa haka. Al'ummar Chukchi ta arewa maso gabashin Sibiriya ta yi kiwonsa don jan keken ƙanƙara, karnuka da yawa a igiya ɗaya. Karen da ba ya iya faɗa wa na gefensa "matsa" ba tare da cizo ba, ba shi da amfani a wannan aiki. An kai karnukan Alaska a 1908 don tsere, duniya kuma ta san su a 1925, lokacin da mashaƙo ya ɓarke a garin Nome. Matuƙa 20 da karnuka kusan 150 suka yi ta miƙa wa juna magani daga Nenana, kilomita 1,085 cikin kwana biyar da rabi. Wani kare, Togo, mai shekara 12, shi ya ja ayarin matuƙi Leonhard Seppala a zango mafi tsawo da haɗari, wani karen kuma, Balto, ya ƙarasa na ƙarshe. Matuƙi a irin wannan tafiya bayan karnuka kawai yake gani. Da igiyar da ta yi sako-sako yake gane wanda ya gaji, da kunnen da ya kwanta da waiwaye yake gane jagora bai yarda da ƙanƙarar da ke gabansa ba.

A gida kuwa da wutsiya ake farawa. In hankalinsa na kan wani abu, takan lanƙwasa bisa bayansa kamar lauje. In ya saki jiki sai ta sauko tana reto. In ya cusa ta tsakanin ƙafafu, tsoro ne. Kaɗa ta kuwa ba kullum ne murna ba, kuma a nan mutane da yawa ke shan cizo. Kaɗawa mai faɗi da ke tafiya da ƙugu maraba ce. Wutsiya a sama, a sandare, bakinta kawai ke rawa, gargaɗi ne. Masana a Italiya, cikinsu har da Giorgio Vallortigara, sun nuna a 2007 cewa kare kan karkata kaɗawar zuwa damarsa in ya ga mai shi, zuwa hagu in ya ga baƙon kare mai ban tsoro.

Wasansa na firgita wanda bai saba ba, domin akwai gurnani da kama wuya da banke juna. Abin dubawa shi ne durƙuson gayyata: ƙirji a ƙasa, gindi a sama, baki a buɗe. In suna karɓa-karɓa, wannan ya kori wancan sannan a juya, wasa ne. In ɗaya ya sandare, ya rufe baki, ya kafe ido, gashin gadon bayansa ya tashi, a raba su tun da wuri. Wani shirun kuma da ya kamata a sani shi ne na fako: kai ya yi ƙasa, ido a kan kaza ko kyanwa, taku a hankali. Haski na da son farautar ƙananan dabbobi ƙwarai, kuma ba ya sanarwa da murya.

Alamun da suka fi damuna su ne ƙananan, don su ake takewa. Hamma ba tare da barci ba, lasar hanci ba abinci a kusa, kau da kai, juya ido har farin ya bayyana. Turid Rugaas, mai horar da karnuka 'yar Norway, ta kira irin waɗannan alamun kwantar da tarzoma. Kare ne ke roƙon a ba shi wuri. Yaro ya rungume shi, ya yi hamma, ya kau da kai, ba wanda ya kula. Sai ya yi gurnani, a doke shi. Wanda ya doki kare saboda gurnani ya koya masa ya daina gargaɗi, tsoron kuwa yana nan, gobe sai cizo ba sallama. Ya fi kyau a janye yaron, a nemi abin da ya tayar masa da hankali.

Kukan nasa fa? Haski bai cika haushi ba, shi ya sa ba ya gadi, ɓarawo ma zai iya samun maraba. Jan murya ya fi yi, wadda ke kai wa nesa. A 2023 Fanni Lehoczki da abokan aikinta a Jami'ar Eötvös Loránd ta Budapest suka kunna wa karnuka 68 kukan kyarkeci. Jinsunan da suka fi kusa da kyarkeci sun fi amsawa da kuka, na zamani suka fi yin haushi, masu yawan kukan kuma sun fi nuna alamun damuwa. Don haka bidiyon wankan nan a sake kallonsa ba sauti. In jikin a sake yake, wutsiya na reto, surutu ne kawai. In kunne ya manne da kai, farin ido ya fito, yana lasar baki, ana dariya ne a kan dabbar da ke cikin firgici.

Yanzu ana sayar da haski a Legas da Abuja, mai gashi rufi biyu da aka yi domin sanyin da ke daskarar da ruwa. A irin zafinmu haki ma magana ne. Harshe ya zazzago ya yi faɗi, yawu na dalala, yana tonon rami a inuwa don ya kwanta a ƙasa mai sanyi, yana tangaɗi ko ya ƙi tashi: a kai shi inuwa, a jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwa mai sanyi, a nemi likitan dabbobi nan take. Kada a aske shi, gashin na kare fatarsa daga rana. Yawo kuma sai da asuba ko bayan magariba.